Su Wa Ya Kamata Su Riƙe Ragamar Tattara Muryoyin Masu Lalurar Magana?

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in jawo hankalin masu karatu zuwa ga wani aiki da ake gudanarwa a ƙasar Gana, wanda a ganina ya cancanci mu tsaya mu dube shi da kyau, wato aikin tattara muryoyin mutanen da ke fama da lalurar magana a harshen Akan, domin a koya wa na'ura ta riƙa gane abin da suke faɗa. Ra'ayina shi ne, irin wannan aiki ba ya yin albarka sai idan masu lalurar da kansu, tare da iyalansu da ƙungiyoyinsu, su ne ke riƙe da ragamarsa tun daga farko har ƙarshe. Ba don tausayi kaɗai nake faɗin haka ba, domin ingancin abin da za a tattara ɗin ma a kan wannan sharaɗi ya rataya, kuma zan yi ƙoƙarin kawo dalilaina.

Duk mai riƙe da babbar waya a yau ya san ana iya yi mata magana ta mayar da maganar rubutu, ko ta kira wani, ko ta nemo wani bayani. Yadda ake kaiwa ga haka shi ne a tara muryoyin mutane masu ɗimbin yawa, kowace murya a haɗa ta da rubutun abin da mai ita ya faɗa, sannan a yi ta bita da manhajar kwamfuta har ta koyi danganta sauti da kalma. Manhajar Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a shekarar 2022, da sa'o'i 680,000 na magana aka horar da ita, kuma mafi yawansu na Ingilishi ne. Abin da manhaja ba ta saba ji ba, ba ta gane shi. Harshen Akan ba ya cikin jerin harsunan da aka fitar da Whisper da su, alhali ƙidayar jama'ar Gana ta 2021 ta nuna cewa Akan su ne kashi 45.7 cikin ɗari na 'yan ƙasar mai mutum sama da miliyan 30, ban da ɗimbin waɗanda suka ɗauki Twi, wanda reshe ne na harshen Akan, a matsayin harshen kasuwa da na tasha, ban da kuma danginsu da ke Kodebuwa. Idan mai lafiyayyen baki yana shan wahala kafin waya ta gane shi da Akan, to ina ga wanda harshensa ya yi nauyi? Shi kam an bar shi a baya ta fuska biyu, ta fuskar harshen da yake magana da shi, da kuma ta fuskar yadda maganar take fita daga bakinsa.

Lalurar magana kuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da ke sa aikin wuya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa leɓɓansa da harshensa ne ke yin rauni, sai kalmomi su riƙa fitowa a jaye suna cuɗewa da juna, wani kuma kalmar ce take ɓace masa duk da ya san abin da yake nufi. Wanda aka haifa da tsagaggiyar ganɗa, iska ce ke sulalewa ta hancinsa, sai baƙaƙen da ke buƙatar a tare iska a baki su rasa ƙarfi. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni tun yana ciki ko lokacin haihuwa har gaɓoɓinsa suka sage, yana fama ne da sarrafa numfashi da jijiyoyin baki a lokaci guda. Mai cutar Parkinson muryarsa kan yi ƙasa, ta daina hawa da sauka. Mai i'ina kuwa, wanda ake samun kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya da ita, yana maimaita sauti, ko ya ja shi, ko maganar ta tsaya masa cak a maƙogwaro. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah hankalinsu garau yake, abin da suke son faɗa yana nan a zuciyarsu daram, amma mai sauraro ne ke gajiya tun kafin su kai ƙarshen jimla. A ƙidayar 2021 ɗin nan an sami kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Gana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata naƙasa, kuma wahalar isar da magana tana cikin abubuwan da aka tambaya.

A Ingilishi an daɗe da fara wannan nema. Taskokin farko, wato tarin muryoyin da aka ajiye tare da rubutunsu, ƙanana ne ƙwarai, domin wadda ake kira UA-Speech ta Jami'ar Illinois a Amurka ba ta kai muryar masu lalura ashirin ba, ita kuwa TORGO ta Jami'ar Toronto a Kanada masu lalura takwas ne kacal a cikinta, amma da su masu bincike suka yi ta aiki shekara da shekaru. A 2019 kamfanin Google ya ƙaddamar da shirin Project Euphonia, wanda zuwa 2021 ya tara jimloli fiye da miliyan ɗaya daga bakin mutum sama da dubu. A 2022 kuma Jami'ar Illinois ta buɗe Speech Accessibility Project da tallafin Amazon da Apple da Google da Meta da Microsoft. Babban abin da aka gano a waɗannan ayyuka shi ne, idan aka ɗauki manhajar da ta riga ta san harshe, aka ƙara mata horo da 'yan ɗaruruwan jimloli na mutum guda mai lalura, tana iya koyon bakinsa, har a gajerun jimloli ta fi baƙon mai sauraro gane shi. Ashe ke nan ba sai an tara dubban sa'o'i daga mutum ba. Abin da ake bukata shi ne abin da aka tara ya kasance na gaskiya, kuma rubutunsa ya zama daidai.

An gwada wannan a Gana da manhajar Google mai suna Project Relate, inda manya ashirin masu lalurar magana suka yi amfani da ita tsawon makonni shida da taimakon ƙwararrun masu gyaran magana goma, aka kuma wallafa sakamakon a 2024. A lokacin, da Ingilishi manhajar take aiki, mutum kuwa a Kumasi ko Koforidua ba da Ingilishi yake tambayar kuɗin mota ba, ba da shi yake kiran jikarsa ba, kuma ko mai ilimin boko yana surka Twi da Ingilishi ne a jimla guda. Daga nan masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon, tare da cibiyar Global Disability Innovation Hub ta jami'ar UCL da ke Landan da kuma tallafin Google, suka shiga tattara muryoyin masu lalura da Akan kai-tsaye, kuma a 2025 suka fitar da taskar a buɗe tare da jagorar da ke bayyana yadda wata al'umma za ta iya maimaita aikin a nata harshen. Wannan jagora ita ce ta fi burge ni, domin ta nuna sun fahimci cewa babu wata jami'a ko kamfani da zai iya zagaya harsunan Afirka ɗaya bayan ɗaya.

Harshen Akan yana da nasa sarƙaƙiya da ba za a iya aro maganinta daga Ingilishi ba. Harshe ne mai karin sauti, kamar yadda mai jin Hausa zai gane nan take, inda hawan murya ko saukarta ke raba kalma da kalma, har ma a wasu wurare ya raba lokacin da aiki ya auku. Lalurar da ke hana murya hawa da sauka, wadda a Ingilishi za ta sa mutum ya yi kama da marar walwala kawai, a Akan tana iya taɓa ma'anar maganarsa. Wasulansa kuma sun kasu gida biyu bisa ga yadda ake tura tushen harshe gaba ko a bar shi a baya, kuma wannan aiki ne na naman harshen da lalurar ta raunana. Sannan ga karin harshe, Asante da Akuapem da Fante, kowanne da tasa ƙa'idar rubutu, ga kuma haruffan ɛ da ɔ waɗanda ba sa cikin madannin yawancin wayoyi, har matasa suka saba rubuta lambar 3 a madadin na farkon. Mutane da yawa suna jin Twi kamar me, amma ba su taɓa koyon karanta shi ba. Saboda haka hanyar da aka saba da ita a Turai, ta miƙa wa mutum jimla a rubuce ya karanta, tana ware mafi yawan waɗanda ake nema. Masu binciken Legon sun riga sun bi wata hanyar a babban aikinsu na tattara muryoyin Akan da Ewe da Dagbani da Dagaare da Ikposo, wato su nuna wa mutum hoto ya bayyana abin da yake gani da bakinsa. Maganar da ke fitowa ta wannan hanya ta fi kama da ta yau da kullum, sai dai tana ɗora wa masu aikin nauyi babba, domin babu wanda ya san abin da mutumin zai faɗa kafin ya faɗa.

Mu ɗauki misalin dattijon da ya yi rayuwarsa yana tuƙin motar haya, sannan ɓarin jikinsa ya shanye. An zaunar da shi a barandar gidansa, an nuna masa hoton wata mata tana sauke kwandon doya daga kanta. Ya dubi hoton, ya ja numfashi, ya fara da kalma biyu, sai ya tsaya. Yawu ya taru a gefen bakinsa, matarsa ta sa ƙyalle ta share. Baƙon da aka turo daga nesa da adadin jimlolin da dole ya cika kafin yamma zai ɗauka an gama, ya danna maɓallin tsayawa, ko kuma manhajar ɗaukar ta yanke da kanta saboda an saita ta a kan shirun mai lafiya. Amma wanda ya san dattijon ya san bai gama ba, yana tattara ƙarfi ne domin sauran jimlar, ya kuma san cewa da safe bakinsa ya fi sakewa, cewa bayan ɗan lokaci gajiya za ta sa maganar ta ƙara nauyi, cewa kuma ba ya son a ɗauke shi a gaban surukansa. Babu takardar umarni da za ta ƙunshi waɗannan abubuwa. Wannan shirun da baƙo zai yanke kuwa wani ɓangare ne na abin da ake so na'ura ta koya, domin idan ba ta koyi jira ba, gobe ita ma za ta katse shi kamar yadda mutane ke yi.

Inda aikin ya fi tsauri shi ne wurin rubuta abin da aka faɗa, kuma a nan ne hujjata ta fi ƙarfi. Murya ba tare da ingantaccen rubutunta ba, ba ta koya wa manhaja abin kirki, murya da gurɓataccen rubutu kuwa tana koya mata kuskure ne. To wa zai rubuta maganar da yawancin mutane ba sa ganewa? Ɗalibin jami'a mai digiri a kimiyyar harshe yana iya sanin ƙa'idar rubutun Asante ciki da waje, amma ya saurari muryar sau goma bai fitar da rabinta ba. Wanda ke fitarwa shi ne na kusa, uwa ko mata ko ƙane ko abokin zama, wanda kunnensa ya saba da wannan baki shi kaɗai.

Sai dai na kusa ma yana da iyaka, kuma wannan na gan shi da idona a kan wani kawuna lokacin da ya kwanta da irin wannan ciwo. Masu zuwa dubiya sukan zauna gabansa, ya yi ta ƙoƙarin magana, su kuma suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, haka ne, alhali ko kalma ɗaya ba su kama ba, kuma yana ganewa, sai ya yi shiru ya juya fuskarsa bango. Autarsa, wadda ke ba shi abinci, ita ce tafintarsa, kuma sau da yawa tana dacewa. Wata rana ya yi magana ta ce ruwa yake so, ta tashi ta ɗebo, sai ya buga katifa da hannunsa mai lafiya, ya sake maimaitawa har sau uku kafin ta gane cewa tambaya yake ko an kawo wa baƙon ruwa. Kalmar ta ji ta daidai, nufin ne ya kuɓuce mata, domin ta saba ɗaukarsa a matsayin mai buƙata, shi kuwa a lokacin magana yake a matsayinsa na maigida. Da a ce rubutawa ake yi domin taska, da an rubuta abin da ta zata, na'ura kuma ta koyi wannan kuskuren ta yi ta maimaita masa shi. Saboda haka idan na ce al'umma ta jagoranci aikin, ba ina nufin a ari bakin mai lalura a ci masa albasa ba, ko da mai arar uwarsa ce. Dole a karanta masa abin da aka rubuta, ya amince ko ya ƙi, da baki ko da kai ko da hannu, kuma jimlar da bai tabbatar ba a yi mata alama, kada a cusa ta cikin waɗanda aka tabbatar domin adadi ya cika.

Akwai kuma hukunce-hukuncen da suka yi kama da na fasaha amma a gaskiya na mutunci ne. Idan mai i'ina ya maimaita gaɓar farko ta kalma sau huɗu, me za a rubuta, kalmar da yake nufi ko duk abin da ya fito? Idan ana son waya ta rubuta masa saƙo, kalmar da yake nufi ake buƙata. Idan kuma ana son taskar ta amfani masu gyaran magana, to dole a nuna inda ya maimaita da inda ya tsaya. Abin da ya fi shi ne a ajiye duka biyun, kowanne a nasa layi, a kuma bi ƙa'ida guda, domin idan wannan mai rubutu ya gyara, wancan bai gyara ba, manhajar ruɗewa take yi. Amma akwai masu i'ina da ba sa ɗaukar maganarsu a matsayin aibin da za a goge, kuma suna da haƙƙin a ji ta bakinsu kafin a tsara yadda na'ura za ta bi da ita. Gana tana da ƙungiyar masu i'ina, tana kuma da tarayyar ƙungiyoyin masu naƙasa ta ƙasa, kuma wurinsu shi ne teburin da ake yanke irin wannan shawara, ba bakin ƙofa ba inda za su tsaya kawo mutane kawai.

Haka nan batun abin da za a ɗauka. Mai bincike yana son jimlolin da suka ƙunshi dukkan sautukan harshe, kuma yana da gaskiyarsa. Mai lalura kuwa yana son a gane shi lokacin da yake faɗin inda zai sauka a mota, ko sunan maganinsa, ko yawan sidi, wato kuɗin Gana, da zai tura ta waya, ko inda ke masa ciwo idan ya je asibitin Korle Bu ko na Komfo Anokye ba tare da ɗan rakiya ba. Sunayen mutane da na unguwanni da lambobi su ne manhajoji suka fi kuskurewa, su ne kuma mutum ya fi buƙata. Idan ba a tambaye shi ba, za a iya kashe shekara ana tara bayanin hotuna masu kyau, a wayi gari manhajar ta iya bayyana kasuwa amma ba ta gane sunan 'yarsa.

Batun amincewa yana damuna ƙwarai. Takardar yarda da aka rubuta da Ingilishin lauyoyi, aka sa mutum ya dangwala yatsa, ba ta isa a kira ta yarda ba, musamman ga wanda babbar matsalarsa ita ce ba a gane shi idan ya ce a'a. Ya kamata a yi masa bayani da harshensa, a hankali, a gaya masa inda muryar za ta je da waɗanda za su iya jin ta, a tambaye shi shi kansa ba mai kula da shi ba, kuma ya san yana iya cewa ya gaji a kowane lokaci ba tare da ya rasa haƙƙinsa ba. Idan yaro ne, yardar iyaye wajibi ce, amma idan yaron ya nuna ba ya so, to a bar shi. A wuraren da har yanzu wasu ke danganta irin wannan lalura da baki ko sammu, har a riƙa ɓoye yaro a ɗaki, wanda ya saba da gidan ne kaɗai zai iya shiga, kuma wannan amana da aka ba shi ita ce ya fi kamata a kiyaye kada a yi amfani da ita wajen matsa wa mutane.

Lada ma a duba yadda ake ƙididdige shi. Idan aka ce za a biya bisa ga yawan jimlolin da mutum ya faɗa, to wanda lalurarsa ta fi tsanani shi zai tashi da mafi ƙaranci, alhali shi ya fi shan wuya, kuma muryarsa ce ta fi ƙaranci a duniya. Adalci shi ne a biya bisa ga lokacin da ya ba da, a haɗa da kuɗin mota da na ɗan rakiya, kuɗin kuma ya shiga hannunsa ko asusun wayarsa. Na ƙara da cewa masu lalurar su ma a ɗauke su aiki, domin mai i'ina ko wanda aka yi wa aikin ganɗa yana iya riƙe waya ya ɗauki wasu, yana iya duba rubutu, kuma kasancewarsa a wurin kaɗai yana sa wanda ake ɗauka ya saki jiki.

Game da sakin taska a buɗe, ina goyon bayansa, domin shi ne zai ba ɗalibi a Kumasi ko Tamale damar gina wani abu ba tare da ya jira izinin wani kamfani a Amurka ba. Amma kada mu ruɗi kanmu, murya ba ta ɓoyuwa. Ana iya cire suna da shekaru da gari, amma muryar da ta fita daban a ƙaramar unguwa kowa ya san mai ita, kuma ita kanta tana bayyana ciwonsa. Abin da aka sauke daga intanet kuwa ba ya dawowa ko da mai shi ya sauya shawara. Dokar Kare Bayanai ta Gana ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Ƙasar kuma tana da Dokar Masu Naƙasa ta 2006, mai lamba 715, ta kuma amince a 2012 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashe na huɗu nata ya wajabta tuntuɓarsu ta hannun ƙungiyoyinsu a kan abin da ya shafe su. A shirin Illinois, duk mai son taskar sai ya sa hannu a kan yarjejeniyar amfani. Abin da nake ganin ya dace shi ne a ba kowane mai murya zaɓi, ko a saki tasa ga kowa, ko ga waɗanda suka sa hannu kaɗai, kuma kwamitin da ke duba masu nema ya ƙunshi masu lalurar da ƙuri'ar da ake ƙirgawa.

Na san wani zai ce, a ƙasar da ƙwararrun masu gyaran magana ba su da yawa, inda sai a 2016 Jami'ar Gana ta fara horar da su a matakin digiri na biyu, shin kuɗin nan bai fi dacewa da horar da mutane ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban yarda a yi watsi da ita ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce mutum biliyan biyu da rabi ne ke buƙatar wani kayan tallafi, kuma kusan biliyan ɗaya ba sa samu, don haka buƙatu sun fi kuɗi yawa. Amsata ita ce, taskar da aka tara da kyau tana yi wa masu gyaran maganar kansu aiki, domin yawancin ma'aunan da suka koya a kan Ingilishi aka gina su, kuma suna buƙatar sanin yadda kowace lalura take bayyana a Akan. Sannan mai gyaran magana, komai ƙwazonsa, ba ya bin mutum tasha ko banki. Amma wannan amsa tana tsayawa ne kawai idan amfanin ya dawo ga waɗanda suka ba da muryarsu, wato manhajar ta yi aiki a kan waya mai araha, ta yi aiki inda babu intanet ko inda kuɗin data ya ƙare, kuma su ne farkon waɗanda za a sa wa ita kyauta. Idan aikin ya tsaya a maƙalar da aka karanta a taron masana, to mai wannan tambaya ya fi ni gaskiya. Ba kuma zan so wayar ta zama hujjar da ma'aikacin asibiti ko ɗan gida zai fake da ita ya daina sauraro ba.

Abin da ya sa na ga ya dace masu karanta Hausa su san da wannan shi ne, jagorar da aka fitar ba ta Akan kaɗai ba ce. A Gana kanta, Hausa ce harshen mu'amala a unguwannin zango, daga Nima a birnin Akra har zuwa zangon Kumasi, kuma Hausar zango tana da nata lafazi da nata surki da Twi da Ingilishi, ta yadda ko manhajar da ta koyi daidaitacciyar Hausa ba lalle ta gane mai lafiya a can ba, balle mai lalura. Masu Dagbani da Ewe da Dagaare ma suna cikin wannan hali. Kayan aikin ba su fi ƙarfin ƙungiyar unguwa ba: wayoyi masu ɗaukar murya, hotunan da jama'ar wurin suka zaɓa, ƙa'idar rubutu guda da aka amince da ita, ƙwararre ɗaya da zai tantance nau'in lalura da tsananinta, da kuma jami'ar da za ta kula da ajiya da dokar bincike.

Saboda haka, ya Edita, roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka ya bibiyi wannan aiki na Legon, ya tambayi masu gudanar da shi mutum nawa daga cikin waɗanda suka ba da muryarsu ke da manhajar a wayarsu yanzu, wa ke tabbatar da rubutun, kuma wa ke da ikon cewa a cire wata murya. Sannan ya nemi masu lalurar da suka shiga aikin ya zauna da su, ya ware wa hirar isasshen lokaci, kada ya ƙarasa musu jimla, kuma kafin a buga abin da suka faɗa a karanta musu shi su tabbatar.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum